Shin Yawan Addini Yana Gyara Al'umma?

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, kullum ana gaya mana cewa duk taɓarɓarewar da ake gani a duniya rashin riƙo da addini ne ya jawo ta. Amma ni ina ganin wuraren ibada cike maƙil, masu wa'azi sun yi yawa, kuma cin amana da zalunci ba su ragu ba. Wani abokina ma cewa yake yi addinin ne kansa matsalar. Ku da kuka karanci tarihin addinai da zamantakewa, me bincike ya nuna?"

Ƙanena, na ji daɗi da ka yi wannan tambaya a fili, domin mutane da yawa suna ɗauke da ita a ciki, tsoro ya hana su furtawa. Batun wane addini ne gaskiya, ko me ke bayan mutuwa, kayan aikin mai nazarin al'umma ba sa iya auna shi, don haka ba zan shiga nan ba. Abin da ake iya aunawa shi ne abin da mutane ke yi da addini: wa ke magana da sunansa, wa ke karɓar kuɗi da sunansa, wa ke samun kariya a inuwarsa, wa ke shan wuya. A wannan fagen ina da matsaya, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Yawan ibada a ƙasa ba ya nuna ƙasar ta gyaru. Abin da na ga yana raba inda addini ya zama alheri da inda ya zama bala'i shi ne ko mutum na gama-gari zai iya tsayawa gaban mai magana da sunan Allah ya ce masa "ina hujjarka, ina lissafin kuɗin, me ya faru da yaron nan," ya kuma koma gida lafiya ba tare da an ce ya yi saɓo ba.

Mu fara da alƙaluma. A 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi mutane a ƙasashe 34 ko dole ne sai mutum ya yi imani da Allah kafin ya zama mai halin kirki. A Indonesiya da Filifin kashi 96 cikin ɗari suka ce e. A Suwidin kashi 9 ne kawai. Sai ka ɗauko jadawalin cin hanci da ƙungiyar Transparency International ke fitarwa duk shekara tun 1995 ka ajiye kusa da wancan. Ƙasashen da suka saba zama a sama, inda ake ganin hannun jami'ai ya fi tsabta, su ne irin su Denmak da Finlan da New Zealand, inda majami'u da yawa ba sa cika ko ranar Lahadi. Waɗanda suka saba zama a ƙasa can, irin su Somaliya da Sudan ta Kudu da Siriya, da wuya ka sami wanda zai ce maka ba ruwansa da addini a cikinsu. Da maganar da ake gaya maka gaskiya ce yadda ake faɗinta, da jadawalin nan a kife ya kamata ya fito.

Amma kar abokinka ya yi saurin murna. Koriya ta Arewa, inda aka murƙushe addini kusan ƙurmus, ita ma tana can ƙasan jadawalin. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tana gaban wasu ƙasashen Turai kamar Italiya. Masana biyu, Pippa Norris da Ronald Inglehart, sun kawo bayani a 2004 da na ga ya fi dacewa da abin da ido ke gani. Sun ce inda rayuwa ba ta da tabbas, ba asibitin dogaro, ba kotun dogaro, yau kana da aiki gobe babu, mutane sun fi manne wa addini, domin shi ne abin da ya rage bai ci amanarsu ba. Inda hukuma ke aiki, riƙon kan sassauta daga tsara zuwa tsara. Wato cikar wuraren ibada da yawan cin hanci suna iya fitowa daga tushe ɗaya, lalacewar hukuma, ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Wannan ya wanke addini daga zargin abokinka, amma ya bar wata magana mai ɗaci: duk cikar nan ba ta hana ɓarnar ba.

Me ya sa? A nan sai mu sauko kan mutum ɗaya. A 1973 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, John Darley da Daniel Batson, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar koyon aikin limanci ta Kirista a Princeton. Sun ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya gabatar da ɗan jawabi. Wasu an ba su labarin Basamariyen nan na Linjila da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, bayan malaman addini sun wuce shi. Wasu an ce musu sun makara, su yi sauri. Wasu an ce akwai sauran lokaci. A kan hanya aka ajiye mutum a rakuɓe bakin wata ƙofa, kai a sunkuye, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya sun taimaka. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 ne suka tsaya. Har akwai wanda ya tsallake mutumin da ƙafarsa, yana sauri ya je ya yi wa'azi a kan taimakon wanda ya faɗi a hanya. Waɗannan ba mugaye ba ne. Samari ne da suka ba da rayuwarsu ga addini. Abin da gwajin ya nuna shi ne halin da mutum yake ciki a wannan sa'a yana iya rinjayar abin da ya haddace.

Wani gwajin da aka yi da 'yan kasuwa a Marakish ta ƙasar Maroko ya nuna ɗaya fuskar. An ba su zaɓi tsakanin riƙe wasu kuɗi da bayar da su sadaka, sai aka ga waɗanda aka tambaya a daidai lokacin da ake jin kiran salla sun fi bayarwa, kuma da an ɗan jima tasirin yakan ja baya. Robert Putnam da David Campbell, da suka yi nazarin Amurkawa a 2010, sun samu cewa masu zuwa wurin ibada sun fi ba da taimako da aikin sa-kai, amma da suka tona sai suka ga abin da ya fi jawo hakan shi ne abokan da mutum ya yi a cikin jama'ar ibadar, fiye da ƙarfin aƙidar da ke zuciyarsa. To ka ga addini yana motsa mutum zuwa alheri, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai yana yin haka ta hanyar tunatarwa da idon jama'a. Idan mutum ya shiga ofis shi kaɗai da takardar kwangila, ba mai gani, ba mai bincike, ba hukuncin da zai biyo baya, sau da yawa abin da ya ji a huɗuba ba ya bin sa ciki.

Ba na musun abin da addini ya gina. Waƙafi ya riƙe makarantu da asibitoci a ƙasashen Musulmi ƙarni da ƙarni, kamar babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Ƙungiyar Muhammadiyya da aka kafa a Indonesiya a 1912 tana tafiyar da jami'o'i da asibitoci masu yawa har yau. A ƙauyukan Afirka da Latin Amurka da dama, asibitin mishan ne ya riga na gwamnati zuwa. Duk wanda ya ce addini bai tsinana komai ba bai karanta tarihi ba. Amma tambayarka ba a nan gizo ke saƙar ba.

Inda yake saƙar shi ne wajen mulki. Mai mulki yana da sojoji da kuɗi, abu ɗaya ne ba ya iya ƙerawa da kansa, wato mutane su yarda cewa bin sa wajibi ne. Malami kuwa yana da wannan a bakinsa. Shi ya sa tun fil azal fada ke neman malami, kuma shi ya sa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon gargaɗi a kan miyagun malamai masu zarya ƙofar sarakuna. Dubi abin da ya faru a Bagadaza a 833. Halifa Ma'amun ya ɗauki matsaya a wata mas'alar aƙida, cewa Alƙur'ani halittacce ne, ya aika wa gwamnansa takarda ya tara alƙalai da malaman hadisi a yi musu tambaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya amsa yadda fada ke so ya riƙe muƙaminsa, wanda ya ƙi ya rasa shi, a daina karɓar shaidarsa. Mafi yawa suka amsa. Ahmad bin Hambal da Muhammad bin Nuhu suka ƙi, aka sa musu sarƙa aka nufi wajen halifa da su. Kafin su isa halifan ya rasu, Ibn Nuhu ya mutu a hanyar dawowa, Ahmad ya yi sama da shekara biyu a kurkuku, aka yi masa bulala a gaban Halifa Mu'utasim. Wanda ya jagoranci tuhumar nan ba soja ba ne, babban alƙali ne, malami, Ahmad bin Abi Du'ad. Bayan shekara kusan goma sha biyar Halifa Mutawakkil ya juya akalar, abin da jiya ake dukan mutum don ya ƙi faɗa ya zama abin da ba a so a ji, gidan Ibn Abi Du'ad ya faɗi, aka ƙwace dukiyarsu. Ka lura da kyau: littafin bai canja ba, malaman ba su gano sabuwar hujja ba. Wanda ke kan karaga ne ya canja.

Wannan labari ya maimaita kansa a zamaninmu. Ja'afar Numairi ya hau mulkin Sudan a 1969 ta juyin mulki, tare da goyon bayan 'yan gurguzu. Da tattalin arziki ya tsuke, farin jininsa ya zube, sai a Satumbar 1983 ya shelanta dokokin da ya kira na shari'a, aka shiga yanke hannayen talakawa. Wani dattijo mai shekara 76, Mahmud Muhammad Taha, ya fitar da takarda yana sukar dokokin. Aka yanke masa hukuncin ridda, aka rataye shi a Khartum ranar 18 ga Janairun 1985 a gaban taro. Ba a cika wata uku ba jama'a suka fito tituna, Numairi ya faɗi, kuma a 1986 kotun ƙolin ƙasar ta soke hukuncin. Ba sai ka yarda da fahimtar Taha ba, malamai da yawa sun saɓa masa. Abin dubawa shi ne wa ya ci ribar rataye shi, kuma a wane lokaci.

Turai ta sha nata. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ana koyar da shi a matsayin yaƙin Katolika da Furotesta, kuma ya cinye wani babban kaso na mutanen ƙasashen Jamus. Amma Faransa, ƙasar Katolika wadda Kadinal Richelieu, babban malamin coci, ke jan ragamarta, kuɗi ta zuba wa Suwidin ta Furotesta, daga baya ta shiga yaƙin a ɓangarensu, don karya gidan sarautar Habsburg, 'yan'uwanta Katolika. Talaka ya mutu yana ganin aƙidarsa yake karewa, manya kuwa iyakoki suke lissafi. Ibn Khaldun ya hango wannan tun 1377, da ya ce kiran addini ba ya kafuwa sai da ƙarfin dangantaka da ƙabila a bayansa, ya kuma bayyana yadda halifanci ya rikiɗe ya zama sarauta. Duk lokacin da ka ji an ce rikicin addini, tambayi filin wa ake so, kujerar wa ake nema. Da wuya ka rasa amsa.

Sai dai ba zan fake da wannan in ce addini ba shi da hannu ba. Da ba shi da ƙarfin sa mutum ya ga maƙwabcinsa a matsayin wanda jininsa ya halatta, da 'yan siyasa ba su wahalar da kansu wajen aro shi ba. Ƙarfin da ke haɗa jama'a wuri ɗaya shi ne kuma ke shata layi tsakaninsu da waɗanda ke waje. Wani lokaci ma ko na cikin bai tsira ba. Ruwanda a 1994 tana cikin ƙasashen da suka fi yawan Kirista a Afirka, masu kisa da waɗanda ake kashewa coci ɗaya suke zuwa. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum kusan 800,000. A garin Nyange, 'yan ƙabilar Tutsi, waɗanda ake farauta, aƙalla 1,500 suka gudu cikin cocinsu, suna ganin ba mai taɓa ɗakin Allah. Aka kewaye su kwanaki, aka kasa fito da su, sai aka kawo motar rusau. Kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta tabbatar cewa limamin cocin da kansa, Athanase Seromba, ya ƙarfafa wa direban gwiwa, ya nuna masa inda bangon ya fi rauni. Aka rushe ginin a kansu. Bayan haka ya tsere Italiya ya ci gaba da aikin limanci da wani suna, sai a 2008 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A wannan ƙasa kuma an sami limamai da mata masu zaman zuhudu da suka mutu suna kare waɗanda suka ɓoye. A 2017 Fafaroma Francis ya nemi gafara kan gazawar cocin. Kada wani ya ɗauka wannan ciwon addini ɗaya ne. A Darfur daga 2003 Musulmi ne suka ƙone ƙauyukan Musulmi. A Myanmar wani malamin addinin Buddha mai suna Wirathu ya shafe shekaru yana hura wutar ƙiyayya ga Musulmi, kuma a 2017 'yan Rohingya sama da 700,000 suka tsere Bangladesh daga farmakin soja. A Gujarat ta Indiya a 2002 an kashe sama da mutum dubu, yawancinsu Musulmi. Ba addinin da mabiyansa za su iya cewa hannunsu fes yake.

Abin da ya fi damuna, ƙanena, bai kai yaƙi ƙara ba, amma ya fi shi yaɗuwa. Shi ne rufa-rufa. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda shugabannin cocin Katolika na birnin suka riƙa ɗauke limamin da aka kama da lalata da yara daga wata unguwa su kai shi wata, inda ba a san shi ba, ya sami sababbin yara. A Faransa, kwamitin da Jean-Marc Sauvé ya jagoranta ya ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne ma'aikatan coci masu muƙamin addini suka ci zarafinsu daga 1950. A Indiya a 2017 kotu ta ɗaure wani shugaban ɗariƙa, Gurmeet Ram Rahim Singh, shekara 20 kan fyaɗen mabiyansa mata biyu, kuma da aka yanke hukuncin mabiyansa suka yi tarzomar da ta ci rayuka sama da 30, don kare shi. Mugu yana ko'ina, a makaranta, a bariki, a cikin dangi. Abin da ya sa nasa ya fi daɗewa a wurin addini shi ne garkuwar da yake samu. Uwa ta zo da kuka, sai a ce mata ta rufa wa addini asiri, kar maƙiya su ji. A wajen Musulmi za ka ji an ce "naman malamai guba ne." A wajen Kirista za ka ji an jawo ayar Zabura, "kada ku taɓa shafaffuna." Maganganun nan suna da muhallinsu na hana ƙazafi da cin mutunci, amma an mayar da su makullin bakin wanda aka zalunta. Yaron da aka cuta ya tashi yana ganin Allah ma yana bayan wanda ya cuce shi. Wannan ɓarna ce da ba na jin akwai maƙiyin addini da ya isa ya yi irinta.

Haka batun kuɗi. Kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a dole ya nuna littafinsa, amma mai karɓa da sunan Allah yakan ce tambaya rashin imani ce. Sayar da takardun yafe zunubi na cikin abin da ya harzuƙa Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus da ya fara tafiyar Furotesta, a 1517, kuma ci da addini bai mutu ba, ya dai koma talabijin da wayar hannu. Wanda ba shi da kuɗin asibiti shi ake gaya wa ya kawo ɗan abin da ya rage masa don a buɗe masa ƙofar arziki. Ƙarshen wannan hanya, idan ba mai taka birki, shi ne irin dajin Shakahola na Kenya, inda daga 2023 aka tono gawarwaki sama da 400, da yawa yara, na mabiyan wani mai wa'azi da ake tuhuma da umartar su su yi azumi har mutuwa. Hukuma ta taɓa kama mutumin tun 2017 ta sake shi. Ba ɓoye yake ba, wa'azinsa yana intanet kowa na gani.

Akwai kuma zargin saɓo, wanda ya zama makami mafi arha a hannun mai gaba da wani. A Pakistan, bayan Janar Ziya'ul Haƙ ya tsaurara dokar a shekarun 1980, zargi kaɗai ya isa ya tara gungun mutane kafin alƙali ya buɗe fayil. A 2011 gwamnan Punjab, Salman Taseer, ya nemi a gyara dokar, sai mai tsaron lafiyarsa ya harbe shi. A 2017 ɗalibai suka kashe ɗan'uwansu ɗalibi a wata jami'a a Mardan, daga baya masu bincike suka ce ba su sami shaidar ya yi saɓon ba. Duk mai kishin addininsa ya kamata wannan ya hana shi barci, domin kowane tsarin shari'a da na sani, har da fiƙihun Musulunci, ya ɗora hukunci a hannun alƙali da shaidu, bai ba taron titi ba.

Yanzu ga abokinka. Idan addini ne tushen matsalar, to cire shi ya kamata ya kawo sauƙi. An gwada. A 1967 Enver Hoxha, shugaban gwamnatin gurguzu ta Albaniya, ya rufe masallatai da majami'u sama da 2,000 a ƙasar, ya haramta ibada, ƙasar ta zama kurkuku. 'Yan Khmer Rouge, ƙungiyar gurguzu da ta mulki Kambodiya daga 1975 zuwa 1979, sun tuɓe wa malaman Buddha riguna, sun farauci Musulmin Cham, mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu suka mutu. Waɗannan gwamnatoci sun kori addini amma sun riƙe mafi munin abin da ake zarginsa da shi: shugaban da ba ya kuskure, littafin da ba a ja da shi, da hukuncin wanda ya yi tambaya. Shi ya sa nake cewa ciwon yana wajen ikon da ba a tuhuma, addini kuwa ya fi komai sauƙin ba da irin wannan iko, domin wanda ya ja da kai sai ka ce da Allah ya ja.

Karl Marx ya ce a 1844 addini ajiyar zuciyar wanda aka danne ne, kuma abin sa maye ne ga talakawa. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, amma ya taɓo wani abu da nake gani kullum. Asibiti ya rasa magani don wani ya sace kuɗin, jariri ya mutu, sai a ce kwanansa ne ya ƙare. Gada ta rufta don an ci kuɗin siminti, sai a ce ƙaddara. Haƙuri ga wanda aka yi wa rashi magani ne, ba na raina shi. Amma idan ɓarawon ne ke aiko da mai wa'azin haƙurin, an sauya wa maganar aiki. Kuma addinin kansa bai tilasta wannan fahimta ba. Lokacin annobar Amwas, Halifa Umar ya juya da tawagarsa bai shiga Sham ba. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Wannan ne ya kawo ni ga dalilin da ya sa ban bi abokinka har ƙarshen hanya ba. Cocin Dutch Reformed ta Afirka ta Kudu ta shafe shekaru tana kafa hujja da Littafi Mai Tsarki don halatta wariyar launin fata, ba ta janye ba sai 1986. Da wannan littafin dai Akbishop Desmond Tutu ya yaƙi wariyar, kuma Beyers Naudé, farar fata, limami a cikin ita cocin, ya ajiye muƙaminsa a 1963 ya koma ɓangaren waɗanda ake zalunta. Cocin Baptist ta kudancin Amurka ta kafu a 1845 a kan kare masu bayi, ta nemi gafara a 1995, alhali mabiya ɗariƙar Quaker na cikin waɗanda suka fara yaƙar cinikin bayi. A ƙasashen Musulmi ma an daɗe ana samun malaman da ke ba bauta kariya, Saudiyya ba ta haramta ta ba sai 1962, Muritaniya sai 1981. A El Salvador an harbe Akbishop Oscar Romero a 1980 yana tsakiyar jagorantar ibada, kwana ɗaya bayan ya roƙi sojoji su daina kashe 'yan'uwansu. Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalancin Halifa Mansur, aka tsare shi, ya rasu a 767. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta cewa mulki yana iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, kuma Ibn Taimiyya ya kawo magana mai kama da ita ƙarnuka kafin shi. Ka duba waɗannan mutane da kyau. Kusan dukkansu a zamaninsu, malaman fada ne suka fara juya musu baya. Mu da muka zo daga baya muke alfahari da su, amma da muna raye a lokacin, da yawanmu muna cikin masu cewa su yi shiru kar su jawo fitina.

To me za ka yi da wannan? Ba na ce maka ka bar addininka ba, ban kuma ce ka raina malamai ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake so shi ne idan wani ya ce maka maganin matsalar ƙasa shi ne a ƙara addini, ka tambaye shi wane aiki takamaimai yake nufi, wa zai riƙe ikon, wa zai binciki mai riƙon, kuma me zai faru da wanda ba ya bin fahimtarsa. Idan wurin ibadarku yana karɓar gudummawa, ka nemi a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, a sa hannun mutum fiye da ɗaya a asusun. Idan aka zargi mai koyar da yara, ko waye shi, maganar ta 'yan sanda da kotu ce, ba ta zaman sulhu a ɗakin shugaba ba. Ostireliya ta kafa babban kwamitin bincike da ya saurari dubban waɗanda aka ci zarafinsu a cibiyoyi, na addini da waɗanda ba na addini ba, ya miƙa rahotonsa a 2017, daga nan jihohin ƙasar suka tsaurara dokokin da suka wajabta wa malaman addini kai rahoto ga hukuma. Kwamitin Faransa da na ambata kuwa shugabannin cocin ne da kansu suka kafa shi, suka buɗe masa ɗakunan ajiyar takardunsu, bayan waɗanda aka cuta sun shafe shekaru suna ƙin yin shiru.